Minti Huɗu na Macijin Randa

Kwali na goma sha ɗaya ne ya ɓalle ta ƙasa a hannun Auta, faya-fayan tef suka zube a tsakar sito, ɗaya ya gangara ya shige ƙarƙashin kanta. Ta tsaya tana kallon inda ya shiga. Da a ce watan jiya ne, da ta ja tsaki ta fita ta bar wa masu shara. Yau sai ta tattare riga ta durƙusa cikin ƙura, ta zura hannu har kafaɗa ta lalubo shi. Ba shi ba ne. Sharhin wasan ƙwallo ne, na shekarar da ta haifi 'yarta ta fari.

Shekarunta arba'in da biyar, ita ke karanta labaran ƙarfe bakwai na safe a gidan rediyon, amma kowa a wurin, har yaran da ta haifi sa'anninsu, Auta yake ce mata, don haka aka ji mahaifinta yana kiran ta. Shi ma a nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Shekara talatin da ɗaya, kowace Asabar da yamma yana da rabin awa na tatsuniya, kuma akwai iyaye da yawa a garin da ba su san fuskarsa ba amma da muryarsa suka yi wayo. Kwana huɗu ke nan da likitoci suka yanke wannan muryar suka fitar. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Tun kafin tiyata an zaunar da su an yi musu bayani, har da zane a takarda: zai ci, zai sha, zai yi numfashi ta wani ɗan rami a gindin wuya, amma magana kam ta ƙare.

Jiya da ta je dubiya, ya jawo ambulan ɗin magani ya yi rubutu a bayansa. "Macijin randa. Sito, kantar ƙarshe. Ina son ji." Ta karanta, ta ce to, ta ninke ta sa a jaka.

Ta san abin da yake nufi, duk gidansu an sani. A zamaninsa tef tsada gare shi, gidan rediyo kuwa ba ya wasa da shi: a watsa shiri ranar Asabar, Litinin a share a ɗora wani a kai. Tatsuniya sama da dubu ɗaya da ɗari biyar Baba ya yi, duk sun bi iska, in ban da guda ɗaya da ya ɓoye. Na wayoyin jikoki kuwa ba a maganarsu. Shekara shida muryarsa tana dishewa kafin a gano ciwon, kuma duk wanda ya ɗaga waya zai ɗauke shi sai ya sa tafin hannu ya rufe, ya ce ba da wannan muryar ba. Don haka abin da ya rage na muryar Baba a duniya rabin awa ne, a cikin wani kwali, a ɗakin nan mai warin ɓera.

Tun ranar tiyata Auta ba ta ji komai ba. Ba dauriya ba ce, kada a yaba mata. Yayyenta sun yi kuka a barandar asibiti har nas ta fito ta roƙe su su rage, ita kuwa tana tsaye tana karanta takardar da aka manna a bango kan yadda ake wanke hannu, sau uku ta karanta ta. Yau da safe ta yi labarai ba tuntuɓe ko ɗaya, ta fito ta sha shayi da burodi, ta cinye tas. Abin yana ba ta kunya, amma ita ma kunyar daga nesa take jin ta, kamar rediyon maƙwabta.

Wajen sha ɗaya Injiniya ya leƙo. Shi kaɗai ya rage a gidan cikin tsofaffin da suka yi aiki da Baba, saura wata biyar shi ma ya ajiye, kuma tun tana zuwa kawo wa Baba abincin rana da kayan makaranta a jikinta take ce masa Kawu. Ya dubi kwalayen da ta zazzage, ya dubi ƙurar da ta yi mata hoda har gira, ya ce ai in haka za ta bi sai ta yi ritaya ba ta gama ba. Ya tambaye ta me take dubawa a jikin ƙananan kwalayen tef ɗin. Ta ce sunan shiri. Ya yi dariya ya ce to ta huta, Babanta bai rubuta suna ba, kwalin da ke da suna ai shi ake zuwa a ɗauka ranar Litinin. Fari fat ya bar shi a kabad ɗin ofishinsa shekara da shekaru, sai ranar da zai bar aiki ya sa fensir ya yi masa wani ɗan zane a gefe, ya kawo nan. Maganar ta shiga kunnenta ta wuce, ba ta tsaya ko'ina ba.

Ya taka kujera, ya zura hannu bayan wasu tsofaffin rajistoci a can sama, ya sauko da shi kamar jiya ya ajiye. A gefen kwalin akwai layi ɗaya mai lanƙwasa uku, da ɗigo biyu a kansa. Baba bai iya zane ba. Da ba a faɗa maka maciji ne ba, sai ka ce igiyar takalmi ce.

Na'urar da ke juya irin wannan tef guda ɗaya ta rage, tana ƙaramin situdiyon ƙarshen baranda, inda yanzu ake jibge karyayyun kujeru. Injiniya yana ce mata Tsohuwa. Ya yaye mata ƙyallen rufi, ya jiƙa auduga da sifirit yana goge mata baki a hankali, yana ta zuba, don shi mutum ne da hannunsa ba ya aiki sai bakinsa na tafiya.

Labarin shekarar macizai ya ba ta. Wai akwai lokacin da Baba ya yi wata uku cur ba ya tatsuniyar komai sai ta maciji. Ya bi tsofaffin kasuwa da ɗan littafinsa yana tambaya, ya tara su: macijin da aka ciro daga wuta ya juya zai sari wanda ya cece shi, macijin da ya rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi, macijin da ke yi wa maraya aman zinariya. Wasiƙu suka yi ta zuwa. Wata mata ta rubuto cewa 'ya'yanta sun daina shiga banɗaki sai da rakiya, a ji tsoron Allah a dawo musu da zomo. Wani malamin makaranta ya ce mai tatsuniya ya cika goyon bayan maciji, ko danginsa ne? Baba ya karanta wasiƙar a cikin shiri, ya ce e, ta wajen uwa. Abin da ke damun sa, in ji Injiniya, shi ne a tatsuniya maciji ko dai butulu ne ko mai rabon arziki, ba wanda ya taɓa tambayar yadda yake wuni. Ta randa ce ta ƙarshe a jerin. A bakin kakarsa ya ji ta, kuma ita kaɗai ya ce ta fito yadda yake so.

Auta ta ce ita ba ta taɓa jin ta ba. Ya tsaya da audugar a hannu ya dube ta. Ta ce ai ranar Asabar da yamma wanki suke yi. Gaskiyar ita ce suna ganin tun da mai tatsuniyar nasu ne, ba sai sun yi zaman jiran rediyo ba. Shi kuwa a gida ba ya tatsuniya. Da ya dawo sai ya ce a rage surutu, yana hutar da murya.

Injiniya ya ce tef ɗin ya tsufa, wataƙila sau ɗaya zai yarda ya juya, don haka ya jona Tsohuwa da kwamfuta tun daga farko, duk abin da ya fito a kama shi. Ya zare bakin tef ɗin, ya bi da shi ta lungunan na'urar, ya naɗa a ɗaya faifan. Ya murɗa. Aka ji shuu na ɗan lokaci.

"Jikokina, ku matso kusa, ku naɗe ƙafafu. Baƙonmu na yau ba shi da ko ɗaya, kada ya ga naku ya ji haushi."

Murya ce mai kauri da sanyi, ba gaggawa a cikinta, tana cika ɗaki ba tare da an ɗaga ta ba. Auta ta manta haka take. Shekara shida na dishewa sun zauna a kan ta ainihin har sun danne ta. Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta. Abin da ta lura da shi kawai shi ne yadda yake kau da kai ya ja numfashi nesa da makirufo, yadda ake koya wa sababbi.

Wata tsohuwa ce, in ji muryar, tana da randa a bayan ƙofa, an binne gindinta cikin yashi, a cikin yashin kuma akwai maciji. Ta san yana nan, ya san ta sani. Ba su taɓa gaisawa ba. Ita ba ta ɗaga randa, shi ba ya fito da kai sai ta tafi kasuwa. Abin da tsohuwa ba ta sani ba, randar nan ta tsage tun shekarar da mijinta ya rasu, kuma macijin ne ya naɗe gindinta ya ɗaure tsagar da jikinsa, shi ya sa ba ta yoyo. Ba don alheri ya yi ba, muryar ta ce, kada a je a ce shi ya faɗa. Sanyin wurin yake so.

"To ana nan, ana nan, sai rannan 'yar tsohuwa ta zo daga birni ganin gida, ɗauke da sabuwar randa a ka. Ta sauke a tsakar gida, ta ce, Inna, yau za mu fitar da waccan. Maciji yana ji. Sai ya ce a ransa..."

Ƙat. Wani ya hura makirufo sau biyu.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Ana sanar da jama'a cewa za a ɗauke ruwan famfo daga ranar Talata."

Muryar yarinya ce, siririya, tana gudu kamar an biyo ta. Auta ta ce wace ce wannan kuma. Yarinyar ta yi tuntuɓe a kan wata kalma, ta koma baya, ta sake tuntuɓe a wurin, ta fashe da dariya. Sannan ta matso da baki daf da makirufo ta rage murya.

"Kawu, don Allah kar ka bari Baba ya ji wannan."

Daga can nesa wani namiji ya ce ta ci gaba kawai, ba mai ji.

Ba ta ma sha wahalar tuna ranar ba. Shekarunta ashirin da uku, sati biyu da ɗaukar ta aiki, washegari za a gwada ta a gaban manya, cikinsu har da Baba. Duk gidan ba kunnen da take tsoro kamar nasa. Tana son ta ji kanta tukuna, tef kuwa sai an cika takarda an kai wa shugaban sashe. Da rana, kowa ya fita cin abinci, ta buɗe kabad ɗin Baba ta ga farin kwali. Kwalin da ba rubutu, duk wanda ya yi sati a gidan ya san ma'anarsa: ba komai a ciki. Ta kai wa Kawu. Da suka gama ta mayar inda ta ɗauko, ta rufe kabad, har tana jin daɗin wayonta.

"Ni na ja shi gaba," in ji Injiniya.

Bai dube ta ba, Tsohuwa yake kallo. Ya ce haka aka koya musu, farkon tsohon tef yakan yamutse, sai a ja kamar minti huɗu a wuce wurin kafin a ɗauki magana. Ya ja da sauri, lasifika a kashe. Da ya buɗe ta na daƙiƙa ɗaya, da ya ji. Bai tambaye ta inda ta samo tef ɗin ba, ita ma ba ta faɗa ba. Labarin farin kwalin sai ranar ritayar Baba ya ji shi, shekara tara bayan nan, kuma ko a mafarki bai haɗa biyun ba.

Suka zauna suka saurara har ƙarshe, ko Baba zai dawo. Minti ashirin da shida yarinyar ta yi: ɗauke ruwa, ɓatan katin shaida, canjin lokacin jirgin ƙasa, ɗauke ruwa kuma, har sau huɗu. Ba ta bar masa ko sallama ba. Tef ya ƙare, bakinsa ya kuɓuce yana dukan na'ura fat-fat-fat, har Injiniya ya miƙa hannu ya kashe.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya ce abu ne mai sauƙi. Zai yanke a kwamfuta daidai inda Baba ya tsaya, ya tura mata minti huɗun a waya, ta ce wa tsoho sauran ya lalace, danshi ya ci. Shekara goma sha uku a ɗakin ɓeraye, wa zai yi musu? Mutum yana kwance da rami a wuya, ba yau ne ranar tone-tone ba. Ta ce to. Ya yanke. Da zai tura sai ya tsaya jim, ya tura duka biyun, gajere da dogo, ya ce ta riƙe, nata ne, ta yi yadda ta ga dama da shi. A bakin ƙofa ya ce ta gaishe masa da maigida, zai zo dubiya. Ta san ba wannan satin ba.

Bas ɗin asibiti sai ya cika yake tashi. Ta samu wuri a kujerar baya, tsakanin wata mata mai rungume da filo da fulas, da wani dattijo da ya ɗora babban ambulan ɗin hoton ƙirji a cinya yana tsare shi da hannu biyu kada a lanƙwasa masa. Sun kusa rabin awa a tsaye, kwandasta yana ta rantsuwa saura mutum ɗaya. Auta ta gwada faɗa wa kanta abin da ta yi, a fili, kalma bayan kalma: ke kika share Babanki. Ya fito mata a kai tsaf, da irin muryar da take karanta haɗarin mota a wani gari. Ta sake faɗa. Ko gezau. Ta tuna ba ta sayi sabulun wanki ba.

Yayanta ya bugo waya bas na hawa gada. Ya tambaya ko ta samo, ta ce ta samo. Ya yi hamdala har muryarsa na rawa, ya ce ta tura wa kowa yanzu, yara suna ta tambaya, ƙaramarsa ma ba ta yarda kakanta ya taɓa magana a rediyo ba. Ta ce sai Baba ya fara ji. Ya ce haka ne, haka ne, ta yi tunani. Ya sa mata albarka ya kashe.

Ƙarfe huɗu ake buɗe wa 'yan dubiya. Gado shida ne a ɗakin, na Baba na jikin taga. An jingina shi da filo biyu, an rufe ramin wuyan da farin ƙyalle mai motsi duk lokacin da ya ja iska, ga siririyar roba ta hanci da ake ba shi abinci, ga hannun hagu an ɗaure da allurar ƙarin ruwa. A cinyarsa akwai wani ɗan farin allo da alƙalaminsa da guntun tsumma. Nas ce ta kawo masa da safe, ta ce ya ƙarar musu da ambulan ɗin magani.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

Ya gyaɗa kai, idonsa na kan jakarta. Ta jawo kujerar roba, ta fito da waya, ta danna gajeren, ta ajiye a kan filo kusa da kunnensa.

Ya rufe ido. Da muryar ta ce a naɗe ƙafafu, leɓɓansa suka fara motsi, ba bin ta suke yi ba, suna ɗan riga ta. Iska na shiga ramin wuyan tana fita da ɗan feɗuwa. Matar mai gadon kusa, wata doguwa da ke yi wa mijinta fifita da kwali, ta tsaya ta karkato kunne. Ta ce ai wannan mai tatsuniyar Asabar ne, da shi aka raine su, ashe akwai mai muryarsa a ajiye. Ta girgiza kai ta ce Allah ya jiƙansa. Baba bai buɗe ido ba, ya ɗaga hannun dama ya shafa a fuska. Auta ba ta gyara mata ba.

Maciji ya ce a ransa, waya ta yi shiru. Baba ya ci gaba da jira, baki a ɗan buɗe. Da shirun ya yi yawa ya buɗe ido, ya ɗauki alƙalami ya rubuta a saman allon: "Saura?"

"Danshi ya ci sauran, Baba. Kawu ya yi iya ƙoƙarinsa."

Ta faɗe shi sumul, ko ido ba ta ƙifta ba. Ya dube ta, ya daɗe. Sannan ya juya yatsa a iska, alamar ta koma baya. Ta mayar da ƙarshen, ya kanga kunne a jikin wayar. Ya sake juya yatsa, ta sake mayarwa. Ita da Kawu sun manta da wanda za su yi wa ƙarya. Tef ɗin da danshi ya ci yakan ja magana, ya yi rawa, murya ta nutse ta taso kafin ta mutu. Wannan kuwa an datse shi ne a tsakiyar numfashi, kuma Injiniya, da hannunsa ba daidai yake ba, ya bar ɗan ƙat ɗin nan a ƙarshe. Baba ya rubuta a ƙarƙashin na farkon, da ƙananan haruffa: "Danshi ba ya yanka tsaf. An ɗora wani abu. Wa?"

Tana iya cewa ba ta sani ba. Gidan rediyo ne, hannu nawa ya ratsa ta cikinsa a shekara ashirin? Ta ɗauki wayar, ta buɗe dogon, ta ja shi zuwa minti na huɗu, ta mayar kan filo. Ta koma ta zauna tana kallon ƙurar sito a bakin takalminta.

Yarinyar ta yi gwaji, ta ɗauke ruwan famfo, ta yi tuntuɓe, ta yi dariya. Da ta ce kar a bari Baba ya ji, farin ƙyallen wuyansa ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da motsi. Auta ta miƙa hannu za ta kashe. Ya ɗora tafinsa a kan wayar, bai dube ta ba. Ta janye.

Minti ashirin da shida lokaci ne mai tsawo a ɗakin marasa lafiya. Nas ta shigo ta canza jakar ruwa, ta duba agogo, ta rubuta wani abu a katin da ke rataye a ƙarshen gado, ta fita. Aka turo keken magani aka wuce. Doguwar matar ta leƙo ta tambaya wace Talata ce za a ɗauke ruwan, don ta tara. Auta ta ce an daɗe da dawo da shi. Baba yana kwance ido a rufe, yana sauraren ɓatan katin wani mutum da lokacin wani jirgin ƙasa da ya daina zuwa. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne, bai share ba. Sai da yarinyar ta kai ƙarshe ya ɗauke hannu.

"Ni ce, Baba," in ji Auta. "A kabad ɗinka na ɗauka. Na zaci ba komai a ciki."

Ya juya kai yana kallon taga, inda ba abin gani sai bangon ɗakin wanki da layin zannuwan gado da aka shanya. So take ya yi fushi, ya jefe ta da allon, ya nuna mata ƙofa, ko za ta ji wani abu. Can ya jawo allon ya yi rubutu, ya juyo mata da shi.

"Kina sauri."

Ta karanta. Ta ce, "Baba, shekara ashirin da biyu ke nan."

Ya ƙara a gefe: "Har yanzu."

Sai ya sunkuya a kan ɗan filin da ya rage a ƙasan allon. Wannan karon ya daɗe, yana matsa haruffa don su samu wuri, yana tsayawa ya huta. Da ya gama ya juyo da allon, ya nuna rubutun da alƙalami, ya nuna bakinta.

"Sai ya ce a ransa, in na saki, randa ta fashe. In ban saki ba, a gan ni."

Ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado sau biyu. Ta koma ta sake karantawa, a hankali, ta tsaya inda ya sa waƙafi. Doguwar matar ta daina fifita, wani mai bandeji a kunne daga gadon ƙofa ya juyo da kai. Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya duba allon, ba sauran wurin da za a sa ko harafi ɗaya. Ya ɗaga hannun hagu zai riƙe shi ya goge, robar ƙarin ruwa ta ja shi baya. Ya ɗauki tsumman ya miƙo mata.

A nan ta ji wani abu, karo na farko tun ranar tiyata. Tsoro ne, kuma a jikinta take jin sa, tun daga yatsu har ciki. Ta riƙe tsumman a saman rubutun, ta kasa saukewa. Baba ya ƙwanƙwasa gefen allon da alƙalami, irin na wanda lokacin shirinsa ke tafiya.

Ta share.